Harshen Baba da Buhun Shayi

Yau kan shayi nake so mu ɗan tattauna.

Mu asalinmu mutanen Maraɗi ne, amma ni a Bauchi na tashi. Can gida koren shayi aka sani, wanda ake dafawa a 'yar buta bisa gawayi, a sha na ɗaya, na biyu, har na uku. To da Baba ya kama rumfa a Kasuwar Wunti, sai ya tarar masu shayin garin nan baƙin ganye suke nema, mai ɗaukar madara. Dole ya koyi ɗanɗanonsa da girmansa. Itacen dai ɗaya ne, shi baƙin ana murje ganyen ne a bar shi ya sha iska har ya yi duhu kafin a busar.

Tun ina sakandare yake zaunar da ni idan kaya sun zo. Ba sukari, ba madara, ba citta ko kanumfari, don duk suna rufe aibi. A fara zuba busasshen ganye a tafin hannu, a hura masa numfashi a sansana. Sannan a zuba tafasasshen ruwa, a rufe kamar minti biyar. A sansana jiƙaƙƙen ganyen, a kurɓi ruwan da ƙara, a juya shi a baki, a tofar. Mai kyau ruwansa ja ne mai haske, baurinsa ya kama harshe ya saki. Da haka na bambance na Mambila, wato Highland Tea da ake nomawa a Kakara ta Jihar Taraba, da na Kenya mai saurin ba da launi.

Bara da damina wani dillali ya kawo buhu shida da araha. Baba ya sansana, ya kurɓa, ya ce ba laifi. Ni kuwa ina kurɓa na ji warin fumfuna can ƙasa-ƙasa, alamar ganyen ya sha laima a ajiya. Wallahi gabana ya faɗi. Yaya zan musa wa mahaifina a gaban baƙo? In kuma na yi shiru, kuɗin jarinmu ne.

Na duƙa na raɗa masa, "Baba, a ƙara dubawa." Ya kalle ni, ya yi shiru, sannan ya ce wa dillali ya kwashe kayansa.

Da dare bayan Isha'i ya kira ni ya ce, "Hancina ya fara gajiya, yaro. Mu ba mu da gona a garin nan, sunanmu ne gonarmu. In mai shayi ya sayi ruɓaɓɓen ganye a hannunmu sau ɗaya, ba zai ce wane ya cuce shi ba, cewa zai yi mutanen Nijar."

Tun daga ranar ni yake miƙa wa kofin farko. Har yau in na karɓa, ba na iya haɗa ido da shi.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.