Daga Tsibirin Gobir zuwa Gazawa: abin da ake aro da abin da ba ya aruwa

A ƙasar Indiya akwai wata hanyar ibada ta mabiya addinin Hindu da ake ce ma bakti yoga, watau bauta ta hanyar ƙauna. Mai binta yakan zaɓi abin bautarsa, galibi Kirishna ko Rama, ya riƙa maimaita sunansa da carbi mai ƙwaya 108, ya shiga taron waƙa da kiɗa, ya ajiye hure da abinci gaban siffarsa. Tun da ƙungiyar Hare Krishna ta kahu a birnin New York na Amurka a 1966, hanyar ta bazu a duniya, kuma masu yaɗa ta suna cewa Kirista ko Musulmi na iya binta ba tare da ya bar addininsa ba. Shin haka ne? Mai karatu na iya cewa wannan gardama ce ta nesa. Amma wanda ya bi babbar hanyar gudron daga gundumar Gidan Runji, ya ratsa Agiye ya kai Gazawa, zai tarar da ita tana jiransa a kowane zango, da wani suna.

Zangon farko shi ne Tsibiri, dab da Maraɗi. Gobirawa suka kafa garin a 1836 ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, bayan yaƙin Gawakuke, shekaru 28 da faɗuwar Alkalawa a hannun masu jihadi. Cikin laihukan da Shehu Usmanu ɗan Hodiyo ya tuhumi sarakunan Hausa da su har da gauraya Musulunci da tsahin gargajiya. Duk da haka fadar Gobir ta riƙe sarautar Inna, uwar ƴan bori, kamar yadda fadar Katsinawan Maraɗi ta riƙe ta Iya. Cikin iskokin bori ma akwai Malam Alhaji, tsoho mai tari da carbi, wanda bori ya ara daga zauren malamai. Mafi yawan masu zuwa wasan goge da garaya suna salla suna azumi, suna kuma cewa magani suke nema. Malamai da dama suna amsa musu cewa wanda ya yanka ɗan akuya da sunan iska ya riga ya yi ma Allah kishiya. Muryar nan ta ƙara ƙarhi da zuwan Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta kuma samu gindin zama wurin matasan ƴan kasuwar Maraɗi.

A wannan garin ne kuma ƴan mishan na SIM suka buɗe tasharsu a 1927. Su ma sun yi aro. Littahi Mai Tsarki na Hausa da ya hito a 1932 da sunan Allah yake kiran Mahalicci, sunan da liman yake kira a masallaci. Amma kalma ɗaya ba ta haɗa aƙida biyu ba: Kirista ya ce Yesu Ɗan Allah ne, Musulmi ya ce annabi ne.

Gabas da Maraɗi, bayan Cadawa, hanya tana ratsa gonakin gero da wake da gyaɗa, da itatuwan gawo da manoma suka bari suka tashi, har ta shiga Agiye. A nan aka kafa makarantar koyon Littahi Mai Tsarki da ta horar da fastoci na ƙasar nan. Ranar lahadi a majami'un Hausawa, matan zumunta suna yabon Yesu da tahi da ganga da kiɗan tulu, da murya irin ta ɗakin amarya. Wanda ya jiyo daga nesa ba zai rarrabe da buki ba sai ya matso ya ji kalmomin. Fasto ya yarda da gangar, amma ba zai yarda mai zuwa sujada ya koma wurin boka ya roƙi Doguwa ba.

Daga Gazawa, wadda ta zama gunduma a 2011, iyakar jihar Katsina ba nisa. Ta irin waɗannan hanyoyi ne fatake suke shigo da kayan Kano, har da kasa-kasan waƙoƙi a zamaninsu. Nan ne Indiya ta hi kusantowa. Hausawa sun daɗe da son siliman Indiya, kuma a Kano masu bege irin su Ushaƙu Indiya sun ɗauki karin waƙoƙinsa suka ɗora ma yabon Annabi da bandiri. Wasu malamai sun ƙi, suka ce karin na masha'a ne. Mawaƙan suka ce sun mayar da shi ga abin da ya hi cancanta. Ko su ba su taɓa ɗaukar sunan Kirishna ba.

Abin da zangunan nan uku suke nunawa shi ne hukumomin addini na duniya suka yanke game da yoga. A 1965 babban taron Cocin Katolika a Roma ya bayyana cewa cocin ba ya ƙin abin da ke na gaskiya a sauran addinai, ya kuma ambaci Hindu da Musulunci da sunansu. A 1989 wata wasiƙar fadar Paparoma ta gargaɗi Kiristoci kada su ɗauki natsuwar jiki a matsayin addu'a. A 2009 majalisar malaman Indunusiya ta haramta ma Musulmi yoga mai haɗe da kiraye-kirayen Hindu, ta bar wadda take motsa jiki kaɗai. Carbi, kari, zaman natsuwa da ƙaunar Ubangiji suna ƙetare iyaka. Sunan da ake kira da siffar da ake durƙusa ma ba su ƙetarewa, kuma su ne zuciyar bakti. Saboda haka mai cewa duka ɗaya ne ya rage ma kowane ɓangare abin da ya hi riƙo da shi.

Sai dai rashin haɗuwar aƙida bai zama izinin ɗaga hannu ba. A watan Nuwamba na 2000, masu zanga-zangar ƙin bukin nunin tufafi na FIMA sun auka ma wata majami'a da gidan Iya a Maraɗi rana ɗaya, alhali mutanen gidajen biyu ba su yarda da ibadar juna ba. A kasuwannin ƙauyen Gidan Runji da Agiye da Gazawa, almajirin malam da ɗan majami'a da jikan mai bori da tiya guda suke auna hatsi, suna ba juna bashi, suna zuwa gaisuwar mutuwa. Ɗan kasuwar da ke ba da bashin da ma'aikacin da ke sa hannu kan takardar hilin masallaci ko na majami'a, su ke riƙe da wannan amana. Allah shi ba mu zaman lahiya.