Gurjiya a hanyar Makurɗi: furen da ke ƙarewa a tukunya

Idan tafiya ta kama ka zuwa Binuwai tsakanin Disamba da Fabrairu, kada ka yi barci bayan an wuce Lafiya. Leƙa ta taga. Hazo ya rufe sama, ciyawa ta bushe ko ta ƙone, amma can cikin gonakin doya za ka hangi wata bishiya ba ganye ko ɗaya, sai jan fure a kan rassa kamar an kunna mata wuta. Gurjiya ke nan.

Da damina ba za ka gane ta ba. Ganyenta faffaɗa ne, a buɗe kamar tafin hannu mai yatsu biyar zuwa bakwai, inuwarta kuma mai sanyi.

A ƙasar Tibi wannan fure abinci ne. Ana cire jan, a bar ɗan kofin da ke gindinsa, a shanya, a daka. Da garin ake kaɗa miyar genger, mai yauƙi kamar kuka, a ci da sakwara. Idan ka sauka Makurɗi ka nemi a zuba maka. Ni dai a wurina ta fi kuɓewa busasshiya.

Sai dai duk furen da ya shiga tukunya ba zai zama ɗa ba, kuma a cikin 'ya'yan ne iri yake, lulluɓe da audugar da ake cusa matashin kai da ita. Wasu ma don sauri sare reshen suke yi gaba ɗaya. Shi ya sa za ka ga tsofaffin bishiyoyi, ka rasa ƙanana a kusa da su.

Idan gidanka na da fili, ka dasa ɗaya da farkon damina. Amma ka nisanta ta daga katanga, rijiya da ramin masai, domin babbar bishiya ce mai saiwa. Jikinta na da ƙaya, musamman tana ƙarama, don haka a kewaye ta saboda yara da awaki. Ka san kuma da rani ba za ta ba ka inuwa ba, fure ma sai an yi shekaru ana jira. Ranar da ta fara, uwargida ta tsinka na rassan ƙasa, a bar na sama su yi iri.