Zangon Da Aka Toshe

Mu da muka tashi nesa da teku, in aka ce laka, ba abin da ke zo mana a rai sai abin da ke ɓata takalmi da damina. Shi ya sa labarin Saemangeum ya daɗe yana yi mini yawo a zuci, har na ga ya dace in kawo shi gaban 'yan'uwana marubuta.

Saemangeum wuri ne a gaɓar yammacin Koriya ta Kudu, inda koguna biyu, Mangyeong da Dongjin, suke zuba a teku. A da, sau biyu kowace rana teku kan ciko ya rufe wurin, sannan ya janye ya bar filin laka iya ganin ido. Cikin lakar akwai tana da ƙaguwa da ƙananan halittu masu ɓawo irin na katantanwa. Su matan ƙauyukan gaɓar suke tonowa su sayar, su ne kuma abincin tsuntsaye.

Tsuntsayen nan fatake ne. Akwai wanda Turawa ke kira Great Knot, bai wuce girman kurciya ba, amma yana ƙyanƙyasa a Siberiya, in sanyi ya shigo ya tafi Ostireliya. Tafiya irin wannan ba ta yiwuwa sai da zango, kuma a da Saemangeum ne babban zangonsa. A nan yake sauka ya ci ya yi ƙiba kafin ya ci gaba.

Hukuma kuwa fili ta gani, wanda a ganinta yake zaune a banza. A 1991 aka fara gina katanga mai tsawon kilomita 33 don a raba wurin da teku, a samu gonakin shinkafa. Jama'a ba su yi shiru ba. A 2003 wasu shugabannin addini suka taka daga Buan har Seoul, kusan kilomita 300, cikin kwana 65, duk taku uku sai su durƙusa har ƙasa. Amma a Maris na 2006 kotun ƙoli ta ce a ci gaba da aiki, a Afrilu aka toshe ƙofar ƙarshe. Laka ta bushe, abin da ke cikinta ya mutu.

An ce ai tsuntsu na da fiffike, zai nemi wani wurin. Abin da ya karya wannan magana shi ne ya fi taɓa ni. Daga 2006 zuwa 2008 wasu 'yan sa-kai suka riƙa fita da madubin hangen nesa da littafi, suna ƙirga tsuntsaye suna rubutawa. Ƙirgen ya nuna dubun-dubata sun ɓace, ba a kuma gan su a gaɓoɓin da ke kusa ba. Can Ostireliya ma sun ragu. Wato in aka rushe zango, ayari yake halaka, ko da ba a taɓa gidansa ba.

Daga baya aka karkata shirin zuwa masana'antu da yawon buɗe ido. A 2023 aka tara 'yan sikawut na duniya a filin, zafi ya galabaitar da su, aka kwashe su saboda guguwa. Kafin nan, a 2021, UNESCO ta sa wasu filayen lakar Koriya da suka tsira cikin jerin wuraren gado na duniya.

Masu ƙirgen nan ba su ceci Saemangeum ba, amma sun hana a ce ba a yi asarar komai ba. Mu ma muna da namu zangon, fadamar Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke sauka, wadda ambaliyarta ta ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974. Ɗan'uwa marubuci, ka je ka tambayi tsofaffin masunta irin tsuntsayen da suka sani a da, da sunayensu, ka rubuta tun suna raye.