Daga Kura Zuwa Birnin Zariya: Tumatir a Bokiti da Karatun Ganye

Noman da ake yi ba tare da ƙasa ba, wato renon shuka da ruwan da aka narkar da sinadaran taki a cikinsa, abu ne da manoman rani na ƙasar Kano suka daɗe suna jin labarinsa ba tare da sun ba shi muhimmanci ba, domin wanda ruwan madatsar Tiga ke ratsa gonarsa ta magudanun Kadawa ba ya ganin dalilin da zai sa a raba tsiro da ƙasa. Matafiyin da wannan labari ya shafa yana cikin irin waɗannan manoma, mutumin Kura ne wanda ya tashi cikin noman tumatir da albasa, kuma abin da ya fitar da shi daga gida a tsakiyar hunturu shi ne neman irin masara a Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, wadda aka kafa a 1922, ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Sai dai abin da ya riƙe shi a ƙasar Zazzau, har ya cancanci a rubuta, yana cikin ganuwar tsohon birni, a tsakar wani gida inda ya tarar da tumatir yana 'ya'ya a cikin bokitan fenti.

Hanyar da ta bi ta Kwanar Ɗangora da Tashar Yari ba ta da abin faɗa in ban da hazo da ƙura. Masaukin da ya fara sauka a bayan garin Zariya kuwa ya bar masa ɓacin rai, don an karɓi kuɗinsa tun kafin ya ga ɗakin, sannan ya tarar da katifa mai kuɗin cizo, da famfon da ba ya kawo ruwa, da janareton maƙwabta da ya kwana yana ruri a gindin taga. A ra'ayinsa, wanda bai ɓoye wa kowa ba, baƙon kasuwanci a Kano ba ya shiga irin wannan hali, tunda al'adar fatauci ta tanadar masa maigida, wato mutumin da ke saukar da shi, ya ciyar da shi, ya kuma tsaya masa a ciniki.

Da safe ya shiga birni ta Ƙofar Doka, kuma a nan ne ƙorafinsa ya fara sauka. Ganuwar ta zaizaye a wurare da dama kamar yadda ta Kano ta zaizaye, amma manyan bishiyoyin rimi da suka yi wa unguwanni rumfa sun ba garin wata kamala da ya yarda babu irinta a cikin birnin Kano na yau. Ya yi sallah a Masallacin Juma'a da ke kusa da fadar Sarkin Zazzau, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, ya daɗe yana duban bakunan ginin ƙasa da aka lulluɓe da sabon gini daga baya, duk da cewa bai fasa cewa Gidan Rumfa ya fi kowace fada girma ba. A ƙofar masallacin ne ya haɗu da dattijon da wani dillalin tumatir ya ba shi sallahu gare shi, tsohon ma'aikacin gonakin gwaji ne da ya yi ritaya daga Samaru, wanda da ya ji inda baƙon ya kwana sai ya tura yaro ya ɗauko jakarsa, ya sa aka share masa shagon da ke jikin zaure, aka kawo tuwon masara da miyar kuka, bai kuma yarda an yi maganar kuɗi ba har ranar rabuwa.

Bokitan na jikan dattijon ne, saurayin da ya gama makaranta bai sami aiki ba. Ya jera su a jikin katanga, ya cika kowanne da ƙonannen ɓuntun shinkafa haɗe da yashi, abubuwan da ba su da wani abincin shuka na a zo a gani, aikinsu kawai riƙe saiwa da danshi, sannan ya ja siraran tiyo daga wani tanki zuwa gindin kowace shuka. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin masanan Jamus Sachs da Knop sun reni tsirrai a ruwan sinadarai tun wajen 1860, Gericke na Jami'ar Kalifoniya ya yaɗa ta da sunan haidirofonik a 1937, shekara guda bayan haka kuma Hoagland da Arnon suka fitar da haɗin sinadaran da ake koyi da shi har yanzu. Abin da ya kai saurayin ga damuwa shi ne ganyen tumatirin ya fara zama ruwan ɗorawa, shi kuma da ganin haka ya jiƙa takin NPK na buhu da yuriya ya ƙara a tanki, sai ciwon ya ƙaru, gefen ganye ya soma ƙonewa.

Dattijon bai yi masa faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi masa a gaban baƙo: "Ɗana, wane ganye ne ya fara, na ƙasa ko na sama?" Da saurayin ya ce, "Baba, ban lura ba," sai dattijon ya ce to daga nan za a soma, kuma a kan wannan tambaya ce duk ilimin gano yunwar shuka ya tsaya. Sinadaran da tsiro ke ci sun kasu biyu ta fuskar yadda suke tafiya a jikinsa. Akwai waɗanda shuka ke iya ɗebewa daga tsohon ganye ta kai wa sabon toho idan sun yi ƙaranci, kamar yadda manya a gida ke rage cinsu a shekarar fari don yara su ƙoshi, waɗannan su ne naitirojin da fosfaras da fotashiyam da maganiziyam, saboda haka alamar rashinsu a ganyen ƙasa take fara bayyana. Akwai kuma waɗanda in sun zauna a ganye sun zauna ke nan, irin su kalsiyam da sinadarin ƙarfe da boron, waɗanda rashinsu ke fara nunawa a kan toho da ƙananan ganyen sama.

Bayan an san ɓangaren da ciwo ya fara, sai a dubi kamarsa. Rashin naitirojin, sinadarin da ke ba ganye kore da girma, yana mayar da tsohon ganye ruwan ɗorawa gaba ɗayansa har da jijiyoyi, shukar kuma ta tsumbure. Rashin maganiziyam shi ma a ƙasa yake farawa, amma jijiyoyin ganye sukan tsaya kore, tsakaninsu ne kawai ke zama ruwan ɗorawa, kuma sau da yawa yawan fotashiyam a ruwa ne ke hana saiwa ɗaukarsa. Rashin fotashiyam yana ƙona gefen tsohon ganye ya bar tsakiya, rashin fosfaras kuwa yana sa bayan ganye da kara su yi shunayya, sai dai dattijon ya ja kunne cewa a daren hunturun Zariya sanyi kaɗai na iya hana saiwa jan fosfaras ko da yana nan a cikin ruwa, don haka shunayyar watan Janairu ba lallai ta zama dalilin ƙara taki ba. A sama kuwa, idan sabon ganye ya fito fari-fari ko ruwan ɗorawa da siraran jijiyoyi kore, to sinadarin ƙarfe ne bai isa ba, idan kuma toho ya murɗe ya mutu, ko gindin ɗan tumatir ya yi baƙi ya lotsa, to kalsiyam ne. Wannan na ƙarshe matafiyin ya san shi sarai a Kura, inda yakan bayyana idan aka yi wa gona ban ruwa yau aka bar ta ta bushe gobe, domin kalsiyam yana bin ruwan da shuka ke ja ne, in jan ya katse sai 'ya'ya su rasa rabonsu.

Da aka duba bokitan da kyau, sai aka ga ganyen ƙasa kore ne shar, na sama ne suka koɗe, wato shukar ba ta neman yuriya ko kaɗan. A nan dattijon ya kawo batun da matafiyin ya ce shi ne ya fi amfanarsa a duk tafiyar, wato ma'aunin tsami da kanwa na ruwa, wanda ake rubutawa da haruffan pH. Ma'auni ne daga 0 zuwa 14, inda 7 ke tsakiya, abin da ya gaza 7 yana ɓangaren tsami irin na tsamiya, abin da ya haura kuma yana ɓangaren kanwa ko toka. Shukar da ke rayuwa a ruwa tana son tsakanin 5.5 da 6.5, domin da zarar ruwa ya karkata zuwa kanwa, sinadarin ƙarfe da fosfaras sukan daskare su koma siffar da saiwa ba ta iya sha, sai shuka ta yi ta nuna yunwa alhali abincin yana gabanta. Ruwan rijiyar gidan, da aka tsoma masa takardar gwaji, ya haura 7, kuma dattijon ya ce rijiyoyin cikin birni ba ɗaya suke ba, wata mai daɗi ce wata mai zartsi, don haka kowane mai farawa ya gwada tasa kafin ya sayi ko da cokali ɗaya na taki.

Ƙunar gefen ganye kuwa daga ƙarin takin ta zo. Yawancin takin zamani gishiri ne a asalinsa, kuma idan ya yi yawa a ruwa yakan hana saiwa shan ruwan, sai bakin ganye ya bushe, shuka ta yi yaushi da rana ko da gindinta a jiƙe yake. Ana auna wannan kauri da wata 'yar na'ura mai gwada yadda lantarki ke ratsa ruwa, tunda ruwa mai yawan gishiri ya fi saurin ba shi hanya. Takin buhu na 15-15-15 an yi shi ne don gona, ba ya narkewa duka, kuma ba ya kawo kalsiyam da maganiziyam da ƙananan sinadarai gwargwadon buƙata, domin an bar wa ƙasa ta cike wannan giɓi. Yuriya ita ma, duk da kashi 46 cikin ɗari na naitirojin da take ɗauke da shi, sai ƙwayoyin halittar cikin ƙasa sun sarrafa ta kafin shuka ta amfana sosai, a cikin tanki kuwa takan zama illa. Shi ya sa masu wannan noma ke jiƙa takinsu a mazubi biyu, kalsiyam a ɗaya, masu fosfaras da salfa a ɗayan, ba a haɗa su sai an tsarma su da ruwa mai yawa, in ba haka ba su dunƙule su kwanta a ƙasan tanki.

Matafiyin ya ga a nan inda noman gida ya fi, bai kuma yi shiru ba. Manoman kewayen Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna ɗora mangalar taki da sharar birni a kan jakuna zuwa gona, kuma ƙasar da aka yi wa wannan hidima tana da haƙuri, tana riƙe abin da ya yi yawa, tana sakin abin da ya yi kaɗan, har manomi ya yi kuskure bai san ya yi ba. Bokiti ba shi da wannan haƙuri, kuskuren safe yakan bayyana a ganye cikin 'yan kwanaki. Dattijon ya yarda da wannan, ya ce, "Gaskiyarka, Malam, amma wanda ba shi da fadama, tsakar gida ita ce gonarsa," maganar da baƙon ya ga tana da nauyi idan aka tuna da matan cikin birni da ke sayen kayan miya da tsada a lokacin damina.

Kafin a kammala binciken sai da aka zare shuka ɗaya aka dubi saiwarta, domin saiwa lafiyayya fara ce mai ƙwari, wadda ta ruɓe kuwa takan yi ruwan ƙasa da yauƙi da wari, kuma ruɓaɓɓiyar saiwa tana haifar da alamun kowace irin yunwa a lokaci guda. Wannan haɗari ya fi yawa a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ruwan tanki ke ɗumi ya rasa iskar da saiwa ke shaƙa, musamman idan an ɗauke wuta famfo ya tsaya. An kuma juya bayan ganye don neman farin ƙuda, wanda ke yaɗa cutar da ke murɗe ganyen tumatir ta mayar da shi ruwan ɗorawa, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir na Kano da Kaduna a 2016, domin mai farawa yakan ɗauki aikin ƙwari a matsayin yunwa. A wannan fanni idon mutumin Kura ya fi na saurayin kaifi nesa ba kusa ba, shi ne ma ya tabbatar masa cewa ganyen ba su da ƙwari.

Shawarar da aka tsayar ita ce a zubar da ruwan tankin, a wanke ɓuntun kowane bokiti da ruwa zalla har gishirin ya fita, a haɗa sabon ruwa mai rabin ƙarfi, a sauko da ma'auninsa kusa da 6 da ruwan asid ɗin da ake sayarwa don wannan aiki, tunda lemon tsami yana saukar da shi ne na ɗan lokaci kawai, sannan a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a kuma yi hukunci da sabon toho, domin ganyen da ya riga ya ƙone ba ya komawa kore. Samun irin wannan taki mai narkewa da na'urar awo ta ƙwarai a kasuwannin Arewa yana da wuya da tsada, kuma matafiyin yana ganin wannan ne zai hana dabarar yaɗuwa, in ban da wajen renon dashe, inda ya ƙudurta zai jarraba ta.

Samaru ba ta ɗauke shi lokaci ba, ya sayi irin masarar da ya zo nema, ya koma birni ya yi wa mai masaukinsa sallama, ya hau motar Kano.