Littafi na Uku

A shekarar 2003 aikina kullum bayan sallar magariba shi ne in ɗauki langar tuwon mahaifina daga Dakata in kai masa Bompai. Shekarata goma sha uku. Masaƙar da ya yi wa aiki shekara ashirin da biyu ta rufe, an sallami ma'aikata, shi kuma aka bar shi gadi saboda an shaide shi ba ya taɓa abin da ba nasa ba. Mutumin da ya saba tsayuwa gaban injin saƙa har ƙara ta rage masa ji, sai ga shi a kan benci da tocila da gora, yana tsaron injinan da ƙura ta lulluɓe.

Ba a kansa kaɗai abin ya faɗa ba. Kawuna ya baro majemar da yake aiki a Challawa, maƙwabcinmu kuma kamfanin robobinsu na Sharada ya koma aikin kwana uku a mako. A majalisa manya kan lissafa dalilai: rashin wutar NEPA, tsadar baƙin mai, faɗuwar naira tun daga tsarin SAP na 1986, da yadin ƙasar Sin da ya cika Kantin Kwari. Baba ba ya sa baki. Abin da ke cin sa ba ya cikin lissafin nan, kuma ban gane shi ba sai ta dalilin wani littafi.

Yayata ce take hayar littattafai, naira biyar a kwana, ta ɓoye su ƙarƙashin katifa. Yawanci na soyayya ne zalla, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Wannan kuwa daban yake, ya haɗa soyayya da tsafi da yaƙi, bangonsa ya yage har ba a san sunansa ko na mai shi ba. Na sace shi don in rage zaman jiran Baba ya gama cin abinci. Da ya ga ina motsa baki sai ya ce, "Babana, karanta da ƙarfi mana, ko rowa za ka yi mini?" Sunan mahaifinsa gare ni, shi ya sa yake kira na haka. Yana karanta Alƙur'ani da ajami, amma boko bai taɓa shiga idonsa ba.

Labarin wata abar bauta ce a wani birni na zamanin jahiliyya, wadda ta shekara dubu cikin kuka ana kawo mata yanka. Duk birnin mutum ɗaya ne bai taɓa zuwa wurinta ba, wani marini. Ta rikiɗa ta zama mace ta je karofinsa da niyyar hallaka shi, ta tarar ba raini ne ya hana shi ba, lokaci ne ba shi da shi: ga uwa marar lafiya, ga baba da zai lalace in an bar shi. Ita da ba ta san gaggawa ba, sai gaggawarsa ta ɗaure mata kai, daga nan so ya shiga.

Baba ya yi a'uziyya, ya ce wannan ai shirka ce tsagwaronta. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce in ci gaba.

A daren nan ya ba ni labarin Tsumburbura, abin da Kanawan farko suka bauta wa, da Barbushe wanda shi kaɗai ke shiga wurinsa daga Dutsen Dala ya fito wa jama'a da labarin abin da shekara za ta zo da shi. Daga baya na tarar da labarin a Tarihin Kano, har da baƙaƙen dabbobin da ake yankawa, da kurmin Jakara mai baƙin ruwa. Baba ya ce ruwan Jakara har gobe baƙi ne, sai dai yanzu rafin Getsi ne ke kai masa dattin Bompai. Ya nuna ginin da ke bayanmu da haɓa. "Mu ma mun yi namu dodon. Jiniya ta kaɗa mu taho a guje, mu ba shi kunnuwanmu da ƙuruciyarmu."

Na ɗauka marinin yake ji a ransa, tunda shi ma mai sana'ar tufa ne. Ashe ba haka ba. A littafi na biyu mutanen birnin suka juya wa abar bautar baya, ciyawa ta rufe hanyar kukar, ta wayi gari ba mai neman komai a wurinta. Nan Baba ya ajiye lomarsa. Ya sa na maimaita shafin sau biyu. Tambayar da take yi wa kanta, wato me ya rage ga wanda aka daina bukata, ita ce yake kwana da ita a kan bencin nan. Littafin ya ƙare marinin ya tsufa, ita tana nan da ƙuruciyarta, an ba ta zaɓi ko ta dawwama ita kaɗai ko ta zama mutum ta mutu. Sai marubucin ya ce mu haɗu a littafi na uku.

Mai haya ya ce na uku bai fito ba. Na duba wurin masu littattafai a Kasuwar Sabon Gari, babu. Baba kuwa kullum kafin ya buɗe langa sai ya tambaya. A dare na biyar na kasa ce masa babu. Na ɗauko wani tsohon littafin yayata na daban, na buɗe a gaban tocila, na shiga ƙaga labari ina bin layi da yatsa kamar mai karatu.

Abin da nake so ya ji shi na ƙaga. Na sa fari ya afka wa birnin, mutane suka tuba, suka dawo da kiɗa da baƙaƙen awaki suna neman gafararta. Ina cikin zuba ya ɗaga hannu.

"Babana, duba da kyau. Ina jin ka tsallake shafi. Mutane in sun tafi ba sa dawowa."

Kunya ta rufe ni. Na juya shafi, na ce haka ne, mafarki take yi. Ya ce, "Yawwa. To da ta farka, ba wurin marinin ta koma ba?" Na ce can ta koma. "Ba ta ce ya koya mata rini ba?" Na ce ta ce. Haka muka yi dare huɗu, yana tambaya ina amsawa, har abar bautar ta zama mace mai shuɗin hannu da ciwon baya, tana cinikin turkuɗi, tana fushi in an taya mata da arha. Ya ƙi yarda a kashe marinin da wuri. Ya kuma dage sai ta yi sallah kafin ta rasu, na sa ta yi.

Har yau ina ganin ƙarshen Baba ya fi irin wanda na saba gani a littattafan nan, inda wani jarumi kan faɗo daga sama a shafi goma na ƙarshe ya farfasa gumaka a tashi. Ko da yake ni ba alƙalin da za a yarda da shi ba ne a wannan shari'a.

Bayan sallar layya ta shekarar ya ajiye gadin. Ya karɓi bashin keken ɗinki wurin kawuna, ya kafa shi a zauren gidanmu, yana da shekara hamsin da ɗaya ya zauna gaban wani yaro tela yana koyon yanka. Yadin Sin ɗin nan da ya rufe masaƙarsu shi ya riƙa ɗinkawa, yana murza shi da yatsa yana faɗin laifin saƙarsa. Ya yi shekara goma sha ɗaya a kan keken kafin Allah ya karɓi abinsa.

Bai taɓa ce mini ya gane ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Sau ɗaya dai, ina aji ɗaya a Jami'ar Bayero, ya gan ni da tarin littattafan adabi, ya leƙo ta saman tabarau ya tambaye ni ko cikinsu akwai na huɗu.