Lifidin yaron da ke tsugunne a filin besbol na Amurka

Duk watan Agusta, hankalin masu kallon wasanni a Amurka kan koma South Williamsport, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Pennsylvania, inda yara 'yan shekara 10 zuwa 12 ke fafatawa a gasar duniya ta Little League. Kyamara ta fi son mai jifa da mai bugu. Amma wanda ya fi kowa shan wuya shi ne yaron da ke tsugunne a bayan mai bugu, sanye da kaya kamar dokin da aka ɗaura wa lifidi. Aikinsa ya cafe duk ƙwallon da sanda ta kuskure, wadda kuma ta faɗi ƙasa ya tare ta da jikinsa.

Ƙwallon besbol ba ta wuce cikin tafin hannu ba, nauyinta giram 142 zuwa 149, amma tauri gare ta kamar goruba. Tsakanin mai jifa da mai bugu a wasan yara ƙafa 46 ne, wato kusan mita 14. Gwanayen masu jifa, irin su Mo'ne Davis, yarinyar da ta yi suna a gasar 2014, kan jefa ta da gudun mil 70 a awa. Kafin rabin daƙiƙa ta iso. In ta goge sanda ta kauce, ƙwauri da ƙoƙon gwiwa ne a kan hanya.

Da can ba a saka komai a ƙafa, ko kuma a ɓoye ake sakawa don gudun gori. A ranar buɗe kakar wasa ta 1907, Roger Bresnahan na ƙungiyar New York Giants ya fito fili da garkuwar ƙwauri irin ta 'yan kurket ɗin Ingila, a ɗaure a kan wando kowa na gani. 'Yan kallo suka yi masa ihu, Fred Clarke, mai horar da ƙungiyar Pittsburgh, har ƙara ya kai. Ba a jima ba masu dariyar suka bi sahu. Akwai kuma labarin da ya riga wannan, wanda ba shi da daɗin ji. A shekarun 1880, Bud Fowler, baƙar fata da ke wasa cikin fararen fata, an ce yakan ɗaura 'yan filayen katako a ƙwaurinsa, domin abokan hamayya na zamiya da gangan su cake shi da ƙusoshin takalmi. Sai a 2022 aka saka sunansa a zauren gwarazan besbol da ke Cooperstown.

Lokacin da Carl Stotz ya kafa Little League a Williamsport a 1939, kasuwar kayan wasa ta manya ce. Wanda ya fi dagewa a kan cewa jikin yaro na buƙatar nasa lissafin shi ne Creighton Hale, masanin aikin gaɓoɓin jiki da ya shiga ƙungiyar a 1955, wanda ya ƙera hular kwano mai rufe kunnuwa biyu. Tunanin ya sauko har ƙafa, kuma a nan ne aikin ya fi wuya, domin kai ba ya lanƙwashewa, ƙafa kuwa ba ta zama wuri ɗaya.

A duba garkuwar da kyau. Daga waje roba ce mai tauri, an yanka ta gida-gida kamar bayan kunkuru: dogon fai a kan ƙwauri, ƙoƙo a kan gwiwa, ƙarin ɗaya ko biyu da ke hawa cinya, sai 'yan fukafukai a gefen idon sawu da harshe da ke kwanciya a kan bayan ƙafa. Daga ciki soso ne, kuma a masu kyau akan bar ɗan rata tsakanin robar da ƙashi, yadda bugun zai watsu kafin ya kai jiki. Maɗaurai na roba mai talewa suna zagayowa ta sha-raɓa su maƙale da ƙugiyoyi. Abu na farko da mai horarwa ke koya wa sabon yaro shi ne ƙugiyoyin su kalli waje. In suka kalli ciki, na ƙafar dama ya sarƙe da na hagu a guje, yaro ya kifa.

Awo ne ke raba gardama. Ana gwadawa daga tsakiyar ƙoƙon gwiwa zuwa idon sawu, na yara ya kama wajen inci 12 zuwa 13, na manya 16 ko fiye. Iyaye a ko'ina halinsu ɗaya, su sayo babba don yaro ya girma a ciki. Da rigar makaranta wannan dabara ce, da garkuwa kuwa ganganci. In ta yi tsawo, ƙoƙon robar ya bar saitin gwiwa, yaro ya durƙusa ya tare ƙwallo, sai gefen robar ya sauka inda ba shi ne wurinsa ba. In ta yi nauyi ko ta riƙe zufa a zafin watan Yuli, ya sassauta maɗaurin da kansa, ta juya gefe. Shi ya sa kamfanoni irin su All-Star, Rawlings, Easton da Mizuno na Japan suke huda kafofin iska, suke kuma yin shimfiɗar ciki da ake cirewa a wanke.

Akwai ciwon da roba ba ta tarewa, wato na tsugunno. Yaro na iya sauka ya miƙe fiye da sau ɗari a wasa guda, a shekarun da ƙashin gwiwarsa bai gama ƙosawa ba. Wani likita, Douglas Farrago, ya ƙirƙiro Knee Saver, ɗan matashin soso mai kusurwa uku da ake maƙalawa a bayan garkuwa, ya shiga tsakanin sha-raɓa da cinya. Wasu masu horarwa na yi masa kallon kayan ragwaye, suna cewa yana sa yaro ya zauna daram. Little League ma tana da doka a kan mai tsugunno, sai dai hannunsa take karewa: yaron da ya yi zagaye huɗu yana tsugunne ba zai yi jifa a wannan ranar ba.

Sofbol, 'yar'uwar besbol wadda aka fara a Chicago a 1887, ƙwallonta ta fi girma, ana jefa ta daga ƙasan hannu, kuma yau 'yan mata ne suka fi yawa a cikinta. Bayan shari'ar Maria Pepe, yarinyar Hoboken da aka hana wasa, Little League ta buɗe ƙofa ga mata a 1974. Amma an daɗe ana ba su kayan maza, wani lokaci launi kawai aka sauya. Ƙirar ƙugu, cinya da sha-raɓa ta bambanta, garkuwa sai ta riƙa zamewa. Yanzu akwai waɗanda aka yanka don su, kamar jerin da Easton ta fitar tare da Jen Schroeder, tsohuwar 'yar wasan jami'ar UCLA.

Mai bugu ma ya samu nasa. Ƙwallon da ya buga da kansa kan dawo ta daki ƙafarsa ta gaba, don haka EvoShield, da aka kafa a jihar Georgia, ta fito da wani fai mai laushi a cikin leda. Da an buɗe ya sha iska, a ɗaura shi a ƙafa, cikin 'yan mintuna ya sandare da siffar ƙwaurin mai shi.

Sabon ƙalubalen daga manyan 'yan wasa ya fito. A 'yan shekarun nan yawancinsu sun bar tsugunno a kan ƙafa biyu, suna dasa gwiwa ɗaya a ƙasa su miƙe ɗayar gefe, don cafe ƙwallon da ta yi ƙasa. Yara na gani a talabijin suna kwaikwayo. Wannan zama na buɗe cikin cinya da gefen gwiwa, inda tsohuwar ƙira ba ta rufe ba, ga ƙoƙon roba yana gogar ƙasa duk tsawon wasa, abin da ba don shi aka ƙera shi ba tun farko.