Allurar Kakata da Jan Ƙasa

Ina yaro a Gumel, na ciro maganaɗisu daga mataccen rediyon da mahaifina ya sayo a kasuwar Maigatari. Da shi nake tsinto wa kakata allurarta idan ta faɗa cikin yashi. Sai da karatu ya yi nisa na fahimci abin da na gani: ɗan guntun ƙarfe ya rinjayi jan duniya baki ɗaya.

Shi ya sa nake damuwa idan ɗalibaina suka kira jan ƙasa "maganaɗisun ƙasa". Maganaɗisu yakan ja, yakan ture, kuma bai san itace ba. Jan ƙasa kuwa bai ƙyale komai ba, kuma ba ya turewa.

Kwanan nan wani ɗalibi ya nuna mini bidiyon maganaɗisu tsaye a iska, wai an kashe jan ƙasa. Yana nan daram. A 1911 Kamerlingh Onnes ya gano cewa zaiba, idan ta yi matsanancin sanyi, lantarki na ratsa ta ba turjiya. A 1933 aka gano irin waɗannan ƙarafa suna ture maganaɗisu. Turin ne ya tare nauyin.

Einstein ya rasu a 1955 yana neman ƙa'idar da za ta haɗa ƙarfin biyu, bai samu ba. Kada mu haɗa su da fatar baki.